Tankin da Ban Sha Ruwansa Ba

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kun zo kun ce in koya maku walda cikin wata uku, don kun ga wani a Akokan, nan maƙwabtanmu, ya sayi babur da ita. To madalla. Ga inji nan, ga sandunan walda, ga gilashin rufe ido. Liƙa ƙarfe biyu su kama juna, wannan kam kafin la'asar sai in koya wa mafi daƙiƙancinku. Amma ku sani, ni Ayuba na haura shekara talatin cikin wannan hayaƙi a Arlit. Kuran, wato wutar lantarki, ya fizge ni, tartsatsi ya huda mani riga ba iyaka, ido ya kumbura ya sace, duk ban ɗauke su a bakin komai ba. Wurin zaɓen ƙarfe na faɗi, kuma tun da 'ya'yan ikkilisiya ne ku, gara ku ji daga bakina kafin ku ji a kasuwa.

Aikina na fari ƙafar gado ce. Ina saurayi, na taso daga ƙauyenmu na kusa da Maraɗi, aka haɗa ni da Baba Kwasi, wani mutumin Togo, dattijo a majami'armu, mai rumfar walda bayan tashar mota. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. Sai ya ce, “Matata ya tafi kasuwa, mota ya lalace.” Muna dariya a ɓoye, amma ba a gabansa ba. Na liƙa ƙafar nan, na goge, na shafa mata fenti, ina jin kaina. Ya zo ya dube ta, ya ɗauki guduma, bugu ɗaya ta yi tsalle ta faɗa cikin yashi. Ya ce, “Fenti ka iya. Walda ba ka iya ba. Mutum ya kwanta a wannan gado da ciki wata tara, ka kashe shi.” Daga ranar ya hana ni taɓa inji shekara guda cur.

Me nake yi a shekarar? Tsintar tsohon ƙarfe, wanda muke ce wa feray. A garin nan a wancan lokaci sabon ƙarfe daga kudu yake zuwa, da tsada, saboda haka rabin aikinmu da feray ne. Baba Kwasi yana da tsibi uku. Na farko ƙarfen mota da na gini, wannan a yi komai da shi. Na biyu mai tsatsa, na shinge da turken dabba. Na uku kuwa ba ya ma shiga rumfa, a bakin titi ake barinsa mai shi ya kwashe abinsa. Shi ne ƙarfen da ya fito daga luzin, inda ake wanke dutsen uraniyom. Ka ɗaga bututu ka leƙa cikinsa ta wajen rana. In ka ga wani ɓawo ya kama cikin, rawaya-rawaya ko toka-toka, kamar ƙanzon tukunya, to ajiye shi, ka je ka wanke hannu. Ba ya wari, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi. Sau da yawa ma ya fi kowane ƙarfe kyau da kauri. Masu ilimi suna ce wa abin da ke jikinsa radiyasiyo. Ni dai abin da na sani, yana ratsa jikin mutum a hankali, ba ka ji ba ka gani, sai bayan shekaru.

Tankin ruwa shi ne babban aiki a wurinmu, don a Arlit ruwa ya fi komai. Baba Kwasi yana da al'adarsa. In an gama tanki, a cika shi, a bar shi cikin rana rabin yini, a bi ɗinkin walda da busasshen hannu ko za a ji danshi. Sa'an nan a gaban mai shi, wanda ya yi aikin zai buɗe famfo, ya tara kwano, ya fara sha. Yakan ce, “In kai ba ka iya sha, kada ka ba ɗan mutum.” Har mutanen gari suka saba. Ba mai ɗaukar tanki daga rumfarmu sai ya ga maƙogwaron mai walda ya motsa.

Ranar da ya yaye ni, bayan shekara huɗu, an yi shinkafa, fasto ya zo ya yi addu'a. Baba Kwasi ya miƙo mani guduma da gilashi, amma bai saki ba. Ya ce in yi alkawari ƙarfen luzin ba zai shiga aikina ba har in mutu. Na ce na yi. Ya ce, “Ba gabana ba. Ni zan koma Togo, ba na ganinka. Gaban Ubangiji.” Na ɗaga hannu na ce gaban Ubangiji Yesu na yi. Ba wanda ya tilasta ni. Abin ma da sauƙi a lokacin, ƙarfe mai tsabta ko'ina.

Na kafa rumfata, na yi aure, aiki ya karɓe ni. Yawancin masu kawo mani aiki Musulmi ne, 'yan kasuwar Katsina da Damagaram, ma'aikatan ramin haƙar uraniyom, matan da ke son gado ko murhu. In baƙo ya tambayi mai walda, sai a ce, “Je wurin Kiristan nan, ba ya taɓa ƙarfen luzin.” Ina jin daɗin maganar nan fiye da kima. A majami'a kuma aka naɗa ni cikin masu raba Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da Yesu.

Sai shekarar da tawaye ya sake tashi a dutsen Abzin. Ku kuna yara ko ba a haife ku ba. Aka fara binne nakiyoyi a hanya. Mota ba ta fita Agadas sai cikin ayari da rakiyar soja, kuma in ayarin ya zo, abinci da mai yake kawowa, wa zai ɗauko maka ƙarfe? Kowa a tsorace yake. Ka ji ƙara daga nesa, kasuwa ta yi tsit, kowa na duban kowa. Abin mamaki kuma, a daidai lokacin ne kasuwar uraniyom ta yi tashin da ba a taɓa gani ba. Ana ta zancen sabon ramin da za a buɗe a Imuraren, baƙi na shigowa neman aiki, duk mai fili yana gina ɗakunan haya. Kowane ɗaki yana son ƙofa da taga. Mutane na layi a rumfata, ni kuwa ba ni da ko guntun ƙarfen da zan yi maratayin riga. Na bi juji-juji na tsince har tsofaffin kujeru. Wata biyu inji bai yi ƙara ba.

Akwai wani Iliya, tare muke waƙa a majami'a, direba ne wurin wani ɗan kwangila. Aikinsa ya kwashi tarkacen ƙarfen da aka yanke wa hukuncin binnewa ya kai rami. Ran wata Lahadi bayan sujada, da tsakar rana, sai ga shi da mota a bayan rumfata. Ya yaye tampol. Kai! Bututai masu kauri, falankan ƙarfe sumul, abin da na yi wata biyu ina mafarki. Na ɗaga ɗaya na leƙa. Ga ɓawon nan.

Na ce, “Iliya, mayar da abinka inda aka aike ka.”

Ya ce, “Haba ɗan'uwa. Ba tare muka durƙusa ranar Laraba muka roƙi Allah ya buɗe maka hanya ba? Ya buɗe, kana ja da baya?”

“Na yi alkawari.”

“Wa ya ce ka yi tukunya da shi? Turken awaki fa? Akuya za ta kai ƙararka?”

Na yi dariya, kuma dariyar nan ce ta kashe ni. Na ce ya sauke guda huɗu kawai, don akwai wata mata da ta dame ni da maganar garken awakinta. Da zai tafi ya ce sauran ma bari ya ajiye a bayan katanga, ba don in yi aiki da su ba, don dai kada ya koma da kaya a gan shi. Na ce to.

Turakun nan huɗu na wanke su da sabulu, na kankare, na shafa fenti sau biyu. Kafin in kunna inji na yi addu'a, na ce, “Ubangiji, ka ga halin da ake ciki, wannan ne na farko kuma na ƙarshe.” Ba abin da ya faru. Sama ba ta faɗo ba, awaki na cin dusarsu. Bayan mako wani ɗan kasuwa ya zo yana son ƙofar gida. Na ce a raina, ai a waje take, iska na bugunta dare da rana. Na yi. Sai ƙofofin ɗaki guda biyar. Na ce, wa ke lasar ƙofa? Sai gado biyu. A kan gadon na ɗan tsaya, don mutum a kansa yake kwana, amma na ce ai akwai katifa a tsakani. Kowane aiki da addu'arsa, kowanne shi ne na ƙarshe. Ku lura da kyau, ban taɓa cewa na fasa bin Allah ba. Kullum ina binsa, sai dai ina rage masa kaɗan-kaɗan, kamar mai awon gero da ke danna babban yatsa cikin tiya.

Kada ku ce ban sani ba. Matata Rahila takan kawo mani tuwo da rana, goye da ɗiyarmu. Na ce ta daina zuwa rumfa, ni zan riƙa zuwa gida. Ta ce, “Lafiya?” Na ce hayaƙi ne ya yi yawa. Ta dube ni ta ce, “Shekara nawa muna shan hayaƙin nan?” Na yi mata tsawa. Wanda ya hana 'yarsa zuwa wuri ya san abin da ke wurin. Barci ya ƙaurace mani, ko tari na yi sai gabana ya faɗi. Ranar Jibi ina riƙe da faranti ina bi layi-layi, ina duban hannuwana ina jin tsoro.

Yanzu ga tankin. Wata safiya wani mutumin Abzin ya shigo, dogo, rawaninsa ya koɗe, yana jaye da jaki. Sunansa Ahmudu. Mai lambu ne daga wajen Iferwan, can cikin dutse, faɗa ya koro su, suka kafa tanti a gefen gari, shi da matarsa da tsohuwarsa da 'ya'ya huɗu. Abin da ya rage masa a duniya jakin nan ne da wani tsohon amalanke. Yana son tanki a kan amalanken, ya riƙa ɗebo ruwa daga famfon gari, iyalinsa su sha, maƙwabtansa na tantuna su samu. Hausarsa irin ta Baba Kwasi ce. Ya ce, “An ce mani kai ba ka taɓa ƙarfen luzin. Shi ya sa na wuce mutum uku na zo wurinka. Yarana ƙanana ne.”

Da na ce masa ba ni da ƙarfe, da ya tafi, shi ke nan. Amma a bayan katanga akwai wani ƙaton bututu, farin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, hannu biyu ba su zagaye shi. Tun ranar da Iliya ya sauke shi nake ganin tanki a jikinsa. Sana'a tana da nata kwaɗayi, ku kiyaye shi. Na ce wa kaina mutumin nan ɗan gudun hijira ne, taimako ne, ai Allah yana son a ba mai ƙishi ruwa. Har da Maganar Allah na kafa wa kaina hujja. Na ce ya dawo bayan kwana biyar.

Kwana uku ina kankare cikinsa da burushin ƙarfe, na zuba ruwan zafi, na zuba toka da yashi na mirgina, har ya yi ƙyalli. Can ƙasa wajen tsohon ɗinki akwai inda ɓawon ya ƙi fita, hannuna bai kai ba. Na bar shi. Na yanka faifai biyu na rufe bakunan, na fasa ƙofar zuba ruwa a sama, na sa famfo, na yi masa ƙafafu ya zauna daram a kan amalanke. Ɗinkin waldar nan kamar zanen lalle. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba, kafin nan ko bayan nan.

Ahmudu ya zo, muka cika shi, muka bar shi a rana, na bi da hannu, ko danshi babu. Ya shafa shi yana murmushi. Sai ya ciro ɗan kwanonsa daga jaka, ya buɗe famfo da kansa, ya tara, ya miƙo mani da hannu biyu. An riga an gaya masa al'adar rumfar.

Na dubi ruwan. Garau yake, ina ganin gindin kwanon. Hannuna ya ƙi ɗagawa.

Na ce, “Yau ina azumi.”

Ya ce, “Ashe ku ma kuna azumi? Allah ya karɓa.” Ya kafa kai ya shanye, ya goge baki, ya ja jakinsa.

Da sunan ibada na yi ƙaryar, don na san ba zai matsa wa mai azumi ba. Ina tsaye ina jin ƙarar ruwa na kaɗawa cikin tankin har ya sha kwana. Na buɗe baki in kira shi, ban kira ba.

Bayan kamar mako uku sai ga Malam Hamidu. Mutumin Tawa ne, ya yi shekaru a rami ya yi ritaya, dattijon kirki, muna gaisawa kullum. Ya samo aron wata 'yar na'ura mai kama da rediyo, wadda in ta kusanci irin wannan ƙarfe sai ta kama ƙyas-ƙyas-ƙyas. Yana zagaya kasuwa yana nuna wa mutane. Ranar ya taho da jama'a a bayansa, maƙera da masu shago, wajen mutum goma sha wani abu. Tun daga nesa na ji yana cewa, “Ku taho mu hwara da rumhwar Ayuba, ku ji yadda taka yin shiru in wuri na da tsabta. Daga nan sai mu tai wurin masu gardama.”

Ya shigo yana mani barkwanci, ya kai ta jikin inji, shiru. Ya kai ta jikin teburi, ɗan ƙyas ɗaya-ɗaya. Ya ce wannan ba komai, ko'ina a garin nan haka take. Ya matsa wajen katangar baya. Sai ta fara. Ya tsaya, ya girgiza ta, yana tsammanin ta lalace. Ya zagaya bayan katanga, ya ɗaga tsohuwar tabarmar da na rufe tsibin da ita. Na'urar nan ta rikice kamar ana soya gyaɗa cikin yashi.

Malam Hamidu ya kashe ta, ya juyo. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, “Ayuba, har kai?” Wani daga baya ya ce, “To, in na coci ma haka ne, mu me muka yi?” Aka watse.

Da suka tafi ya zauna a kan benci ya ce in lissafa masa abin da na yi da ƙarfen. Na lissafa: turaku, ƙofofi, gadaje. Daga ƙarshe na ce da tanki. Ya miƙe tsaye. “Tankin mi?” Na ce na ruwan sha. Ya ce, “Tashi yanzu-yanzu ka tai ka amso shi. Bar ƙohwa, bar gado, hwara da tanki.” Na ce gobe da sassafe.

Da maraice na je wurin fasto na faɗa masa komai, ranar Lahadi kuma na tsaya gaban ikkilisiya na faɗa da bakina. Iliya bai zo ba, daga baya na ji ya bi ayari ya koma Agadas. Aka dakatar da ni daga raba Jibi, kuma daidai ne. Fasto ya ce mani, “Ɗan'uwa Ayuba, wanda ya tuba Ubangiji ya gafarta masa, wannan ba shakka. Amma ƙarfen yana gidajen mutane har yanzu.”

To ku ji wautar da na ƙara yi, don ita ta fi ci mani rai. Na ari amalanke na fara da turakun awaki. Me ya sa? Don matar ba ta tambaya, na ce zan canza mata da na itace, ta ce to. Washegari ƙofar ɗan kasuwa, ya zazzage ni tas, na haɗiye. Sai ƙofofin ɗaki. Wata tsohuwa ta riƙe tata ta ce ba za ta kwana a buɗe cikin wannan zamani ba, sai da na nemo kafinta ya yi mata ta katako, kwana biyu suka tafi. Kullum da safe in ce yau sai tantunan gefen gari, in na kai mararraba sai in tuna idon Ahmudu da kwanon nan, sai in karkata wani gida. Ina gaya wa kaina ai aikin tuba nake yi, ga shi ina wahala, ga shi ina shan zagi. Ko a cikin tuban ma ciniki nake da Allah, ina zaɓen mai sauƙi. Kullum yaran nan suna sha.

Rana ta takwas Malam Hamidu ya tare ni a hanya ya ce, “Ina tankin?” Da ya ji amsa, ya kama hannuna kamar ɓarawo, muka tafi tare. Muka iske wurin tantin fili, sai duwatsun murhu uku da kashin jaki. Wata maƙwabciya ta ce shekaranjiya suka tashi, danginsu sun zo sun tafi da su wata rijiya cikin dutse. Wace rijiya? Ta nuna gabas da haɓa. Tankin fa? Ta ce, “Ai da shi suka tafi, wa zai bar wannan?”

Na ari babur na nufi hanyar. A shingen bakin gari soja ya tsayar da ni. Na yi masa bayani, ya dube ni kamar mahaukaci, ya ce, “Kana son ka taka nakiya saboda tanki? Ko kai ne mai kai wa 'yan tawaye saƙo?” Da na ji haka na juya, don a lokacin ƙaramar magana tana iya ɓatar da mutum. Na bi direbobi, na bi masu raƙuma a kasuwar dabbobi, ina cewa in kun ga Ahmudu mai farin tanki ku ce kada ya sha. Su ce wane Ahmudu? Dutsen Abzin cike yake da Ahmudu. Sauran ƙarfen da ke bayan katanga kuwa, Malam Hamidu ya yi hanya aka kwashe aka binne. Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, sai da na yi wajen shekara ina gyaran ƙafar kujera da kekunan yara. Wannan bai dame ni ba kamar in ga amalanke daga nesa, in bar aiki in ruga, in tarar ba shi ba ne.

Shekara biyu da wani abu aka yi haka, har aka ajiye makamai, hanya ta buɗe. Wata ranar kasuwa ina durƙushe ina walda, na ɗaga gilashi, sai ga Ahmudu tsaye, ya yi ƙiba, yana riƙe da kwandon rumman da dabino. Ya rungume ni. Ya ce sun koma lambunsu. Ya ce, “Tankinka, ko tsatsa bai yi ba! Mun ajiye shi kusa da rumfar makaranta, yaran ƙauye duka a ciki suke sha. Mutane sun aiko ni, suna son guda biyu irinsa.”

Na ce ya zauna. Wannan karon ban ce gobe ba. Na faɗa masa daga ina ƙarfen ya fito, da abin da ke ƙasansa, da cewa ranar nan ba azumi nake ba. Ya saurara har na gama. Ya ja rawaninsa ya rufe baki. Sa'an nan ya ce, “Matata ya haihu a can. Da ruwan nan aka yi wa jariri wanka, da shi ake dama masa kunu.” Ya ce, “Me zai samu yarana?”

Na ce, “Ban sani ba.”

Gaskiya ce, kuma ita kaɗai nake da ita. Mun je wurin likita tare, ya ce mai yiwuwa ba abin da zai faru, mai yiwuwa kuma sai bayan shekaru a gani, ba mai iya yanke magana. Bayan kwana uku muka hau mota da Malam Hamidu da sabon tanki na sabon ƙarfe, yini guda muna hawa dutse. Ya zura na'urarsa ta bakin tsohon, can ƙasa ta amsa. Na zubar da ruwan, na yanka shi gunduwa-gunduwa a gaban mutanen ƙauye, mata na tsaye da bokitai suna kallo, yara sun kewaye ni suna murnar tartsatsi. Na ƙirga su ba da niyya ba, na daina da na wuce ashirin. Ba wanda ya ɗaga mani murya. An ba mu shayi, an ba mu tabarma, amma Ahmudu bai sake duban idona ba. Da za mu tafi na roƙe shi gafara. Ya ce, “Wannan sai na ga yara sun girma.” Na roƙe shi abu ɗaya, ya riƙa aiko mani da labarinsu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Amma yana aikowa. Kowace shekara in an cire albasa, motocin Abzin suka sauko, wani direba yakan tsaya nan bakin rumfa, ko sauka ba ya yi, ya ce, “Ahmudu ya ce yara lafiya.” Ba gaisuwa, ba ƙari. Na gaskata Ubangiji ya gafarta mani, ina karɓar Jibi, ina waƙa. Duk da haka daga wannan saƙo zuwa wancan nake auna shekara.

Saboda haka wanda ke son zama a nan, wata shida zai yi yana leƙa cikin bututu kafin ya taɓa inji. Wanda bai iya ba, ga hanya nan, akwai masu koyarwa cikin wata uku. Kuma in kun yi wa Allah alkawari, ku sani ba ranar shinkafa da addu'a za a tambaye ku shi ba, sai ranar da rumfa ta bushe, ɗan'uwanku na majami'a ya zo da mota yana murmushi.

Bana motocin albasa sun sauko sau biyu. Na tare direban a tasha, ya ce bai ga Ahmudu ba, ba a kuma ba shi saƙon komai ba. Ya ce wataƙila sai zuwa na uku. Kai na bakin ƙofa, leƙa mani, motar da ta tsaya yanzun nan, ta ina ce?